Ai Abuja Nan Kusa Ne

Azuba, Lafia.

Zuwa ga 'Yar Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka lafiya, kin sami ruwa kin yi alwala, kin miƙe ƙafa. Allah ya tsare ki a kan hanya da inda hanyar ta kai ki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya rufa miki asiri a wurin aiki da wurin kwana. Amin.

Da gangan na cusa takardar a ƙarƙashin ƙullin gishirin Awe da na sa miki a jaka. Na san ba za ki taɓa shi ba sai kin zo ɗora girkin farko, kuma a lokacin kin yi nisa da ni, ba za ki iya ɗaga kai ki ce, "Anti, mene ne kuma wannan?" ba. Ni da ke ba mu iya zama mu yi doguwar magana ba. Da mun fara sai ɗayarmu ta tuna ta bar tukunya a wuta. To, yanzu ki sauke tukunyar, ki zauna, ki karanta har ƙarshe. In kin ga rubutun ya karkace, idon ne ya fara gajiya.

Kin sami aikin jinya a asibiti cikin Abuja, abin da kika daɗe kina nema, kuma Allah ya sani na yi farin ciki. Mijinki yana can Awe yana koyarwa, ba zai iya barin makarantarsa ba. Kika kawo mini 'yarki Nana, wadda ko nonon ba ta gama mantawa ba, kika ce in riƙe ta. Da na tambaye ki har zuwa yaushe, kika ce, "Anti, ai Abuja nan kusa ne, duk hutu zan riƙa zuwa." Kin ga na ci gaba da tsince shinkafa, kika ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Maganar ce na gane. Da bakina na faɗa wa mahaifiyata Inna ita a tsakar gidanmu na Adogi, kina goye a bayanta, bayan rasuwar mahaifinki, ranar da zan tafi kama aikin shara a wata ma'aikata. Har murmushin da kika yi, irin wanda na yi ne.

Ba na so Nana ta girma ta ɗauke ki baƙuwa. Wannan shi ne dalilin takardar nan, sauran duk rakiya ce. Amma bari in fara da ƙananan wautar da na tafka, waɗanda za ki yi wa dariya, don kowace a cikinsu ta ɗan taimaka wajen kai ni ga babbar.

Ranar da na fara shiga cikin Abuja neman ma'aikatar, da hankalin Lafia na shiga. A nan, in kina neman mutum sai ki tsayar da ɗan acaɓa ki faɗi sunansa, ya kai ki har ƙofa, a hanya ma ya gaya miki mutumin ya tafi gona ko yana gida. To haka na yi. Motar ta sauke mu kusa da Sakatariya, na duba gabas na duba yamma, babu acaɓa ko ɗaya, babu ma mai tafiya a ƙasa da za ka yi wa sallama. Da ƙyar na sami wani mai sayar da jarida, na ce masa ina neman ofishin da Alhaji wane yake aiki, dogo, mai farin gemu, mutumin Keffi. Ya dube ni daga ɗankwali har silifa, ya ce, "Hajiya, daga ina kika fito?" Daga baya wani ya nuna mini ginin da yatsa. Ga shi can ina ganinsa ƙuru-ƙuru, na ce ai na iso. Na kama tafiya. Titi ya hau sama, wani ya bi ta ƙasa, wani ya yi kwana ya dawo da ni inda na taso, ginin yana nan yana kallona bai matso ba. Sai da rana ta take na isa, ƙafa duk ƙura, na tarar wadda za ta nuna mini aiki ta fita cin abinci.

Don haka kafin ranar da za ki fara aiki, ki ware yini guda ki bi hanyar ba tare da gaggawa ba. Ki haddace sunayen wuraren sauka yadda kwandasta yake kiran su, ba yadda aka rubuta a allo ba, don shi ba ya jiran ki gama karatu. Abu mafi muhimmanci, ki san inda motocin komowa suke lodi. A Abuja inda aka sauke ki da safe ba nan ake ɗaukar ki da yamma ba. Ni sai da na tsaya har ƙafafuna suka yi sanyi a gefen da motoci ke shigowa, ina mamakin me ya sa duk wanda na ɗaga wa hannu yake wucewa.

Sai maganar gadar ƙafa. Na raina ta ƙwarai. Na ce ni da nake ɗauko doya daga gona a ka, don me zan hau bene in sauko saboda in tsallaka titi? Wata safiya a Nyanya na tattare zane na sheƙa, wata mota ta taho kamar an harbo ta, na tsira da ƙyar, silifa ɗaya ta zauna a tsakiyar kwalta. Wadda ta riƙe ni a ɗaya gefen ita ce Madam Ashe, 'yar Eggon ɗin nan da muka yi aiki tare, kin san ta, ita ce ta kawo miki kwanukan nan masu murfi lokacin bikinki. A ranar muka fara sanin juna. Ta ce, "Kai, kana so ka mutu ne? Gada yana nan, an yi maka kyauta, ka ce kafa yana ciwo. Abeg, gobe ka hau sama." Da silifa ɗaya na yi aikin ranar. Ki hau gadar, ko kin makara, ko kin ga wasu suna tsallakawa a guje.

Kuskure na gaba ya fi wannan tsada, kuma ba a ganinsa sai an daɗe. Na kama ɗaki can bayan Masaka saboda araha. Ɗaki ne mai faɗi, da rijiya a tsakar gida, har da bishiyar gwaiba, na ce na more. Ban san cewa na sayar da ƙarfina ba ne. Kullum sai na fita ana kiran sallar Asuba, in yi sallar a gurguje, in shiga kokawar mota. Daga Ado zuwa Mararaba, daga Mararaba zuwa Nyanya, daga nan a hau tudun Kugbo, mota tana tafiya kamar ana jan ta da igiya. Har na san masu tallar ruwa da gyaɗa na kan hanyar da fuska, in ɗaya bai fito ba in tambayi lafiyarsa. Na koyi barci a tsaye cikin babbar bas, hannu ɗaya a ƙarfe. Da yamma kuma a sake sabo. In na isa ɗaki, gwaibar ma ba na ganinta.

Abin da gajiyar nan ta yi mini shi ne ta cinye mini Asabar. Duk ranar Litinin ina da niyyar zuwa Lafia. Ranar Juma'a da yamma kuma in na tuna sai na sake shiga mota, a bi Keffi, a bi Garaku, a bi Akwanga, a gangara wannan gangaren mai tayar da hankali kafin Nasarawa Eggon, sannan in na iso Lafia in nemi ta Adogi, sai jikina ya ce a'a. In ce bari in yi wanki wannan makon, mai zuwa na je. Ai kusa ne.

Na ji kina cewa an samo miki ɗaki a wajen Masaka, mai sauƙin haya. Ki sake tunani. Ki nemi wuri kusa, ko Nyanya ko Karu, ko da ƙarami ne, ko da za ki haɗa da wata mai mutunci ku raba. Aikinki na jinya ne, wata rana safe wata rana yamma, kuma marar lafiya ba ya son hannun da ke rawa don gajiya. Abin da za ki rage a haya, hanya za ta karɓe shi daga jikinki, kuma abin da za ta fara karɓa shi ne ranar zuwa gida.

Akwai wani kuma da ban taɓa ba ki labarinsa ba, Inna ma har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah ƙarama, na karɓo miki ɗinki a wurin tela a Wuse, atamfa mai ruwan ganye, da takalmi, da ɗan kunne na roba irin wanda yara suke so. Na tashi aiki da la'asar, tasha ta cika maƙil, kowa yana ture kowa. Sai na ce bari in ɗan taka gaba in tare mota a bakin titi. Wata ƙaramar mota ta tsaya, direban ya ce Nyanya, Mararaba. Na leƙa. Akwai namiji a gaba, namiji a baya, da wata mata mai hijabi a gefen taga. Ta yi mini sallama, ta matsa, ta ce, "Shigo, 'yar uwa." A wurinmu motar da mace take ciki, mace mai sallama, ai motar aminci ce. Ko a raina ban yi ɗar ba.

'Yan wan-cans ne, ɓarayin da ke fashi da motar haya. Ba mu yi nisa ba suka ɗaga gilashi, motar ta saki hanya, matar nan da kanta ta murɗe mini hannu ta zare jakar. Allah ya taƙaita, ba su yi mini rauni ba, suka tura ni waje a wata hanyar da babu kowa, na taka har na fito titi. Wasu ba su samu da sauƙi haka ba. Don haka ki riƙe wannan da kyau: ki shiga mota a tasha, inda 'yan kamasho suka san direban kuma direban ya san an san shi. Ki jure layi, ki jure turereniya. Kada hijabi ko Hausa mai daɗi su sa ki saki jiki da motar bakin titi. In kin leƙa zuciyarki ta ƙi, ki ja baya, ba sai kin ba kowa dalili ba, kuma kada ki ji kunyar a ce kin yi wulaƙanci.

Amma ba satar ce kuskuren da ya fi ci mini rai ba. Abin da na yi bayanta ne. Na zauna a ɗaki na ce da wane ido zan shiga Adogi ranar Sallah hannu rabbana, ni da ake cewa tana aiki a Abuja? Sai na aika wa Inna cewa an hana mu hutu. Na yi Sallar ni kaɗai a Masaka, na dafa taliya na kasa ci. Daga baya na ji cewa tun safe kike zaune a kan dakalin ƙofar gida da tsohuwar rigarki, duk motar da ta tsaya sai kin miƙe. Ke ba atamfa kike jira ba, amma ni a lokacin ban da wannan hankalin. In wata rana kin rasa abin riƙowa, ki zo haka nan. Nana za ta binciki jakarki, gaskiya ne, yara haka suke, amma kafin ki gama cire takalmi ta manta.

Daga wannan Sallar na kamu da cutar saƙo. Akwai wani direba a tashar Lafia, Baba Danladi, dattijo mai tsohuwar mota da ba ta gudu, shi ya sa masu gaggawa ba sa son shiga. Allah ya jiƙansa. Shi nake tarewa a Mararaba in ba shi kaya: sabulu, madara, biskit, takalmin makaranta. Da yake matarsa 'yar Adogi ce, har gida yake kaiwa. Shi kuma ya dawo mini da doya da garin rogo daga Inna. Na ga abin ya yi daidai. Duk lokacin da na miƙa masa leda sai in ji kamar na je na dawo, in koma ɗaki da sauƙin zuciya.

Wata rana na kawo masa kaya, ya karɓa ya sa a but, bai rufe ba. Ya ce, "Hajara, akwai sit ɗaya a gaba. Ka shiga mu je." Na ce aiki, Baba. Ya ce, "Yau Asabar ne, wane aiki? Yarinyan nan in ya ji hon nawa, da gudu yake fitowa, yana cewa Baba ya zo. Ni ba babansa ba ne. Ni direba ne. Kaya da kake ba ni, ba shi da hannu, ba zai ɗauki yaro ba." Na ji haushinsa sosai. Na ce a raina, tsoho da shisshigi, an ba ka saƙo ka kai, wa ya tambaye ka wa'azi? Har na daina ba shi na koma ba wani. Ki ga irin kaina a lokacin. Mutum ya gaya mini gaskiya, hukuncin da na yanke shi ne in sauya direba.

Yanzu na zo kan babbar, kuma a nan ina so ki rage saurin karatu.

Ke ce 'yata ta fari. Kin san al'adarmu a kan ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, in an yaye shi a kai wa kaka. Ana kiran wannan kunya, kuma ana yabon mace da ita. To ni na sami wurin ɓuya. Duk wanda ya tambayi me ya sa Hajara ba ta cika zuwa ba, sai mata su ce, "Ai alkunya ce, 'yar fari ce." Har yabona ake yi a gidan suna. Ni kuma na karɓi yabon na lulluɓa da shi, alhali na san ba kunya ba ce ta hana ni. Gosulon Mararaba ne, da wanki, da barcin Asabar, da wannan kalmar ta kusa. Na riƙa gaya wa kaina cewa in Allah ya ba ni wasu 'ya'yan, su zan rungume a fili. Allah bai ba ni wasu ba. Ke ce ta fari, ke ce ta ƙarshe.

Akwai wata zuwa da na yi bayan an daɗe ban zo ba. Na sauka a bakin hanya da kaya niƙi-niƙi, na shiga gida da sallama. Kina tsakar gida kina wasa da gwangwani, haƙoranki na gaba sun fita, abin da ban sani ba. Kika dube ni, kika tashi a hankali, kika je ƙofar ɗaki kika ce, "Inna, kin yi baƙuwa." Inna ta fito tana dariya don ta rufe abin, ta ce, "Ke, gaishe da Antinki." Kika durƙusa kika gaishe ni da ladabi. Maƙwabta sun shigo, tsakar gida ta cika. Hannuna yana ƙaiƙayi in ɗauke ki in ɗora a cinya, amma idon mutane yana kaina, sai na ce, "Yarinyar nan ta girma," na juya ina raba tsaraba. Tun daga ranar nake Anti. Washegari a motar komowa na rufe fuska da mayafi tun daga Shabu, ban buɗe ba sai Akwanga. Matar da ke kusa da ni ta ɗauka amai nake ji, ta miƙo mini lemun tsami.

Za ki ce ai daga nan na gyara. Ban gyara ba. Zuwan ya koma yi mini nauyi, don kowane zuwa sai na ga yadda kika saba da rashina, sai na ƙara ja baya. Abin da na lura da shi a tsawon zamana can shi ne, waɗanda suke aiki a Legas ko Fatakwal sun fi mu zuwa gida. Su sun san nesa suke, sai su sa rana, su yi shiri, su zo su kwana biyu. Mu na Abuja kullum gobe. Madam Ashe ce kaɗai na ga ta tsira, don ita ta yanke wa kanta doka. In ranarta ta zo, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, za ki gan ta a tasha da 'yar jakarta. Ta sha ce mini, "Hajara, mu je tare, ni zan sauka a Nasarawa Eggon, kai ka wuce." In ce mata mako mai zuwa.

Haka har ciwon Inna na ƙarshe. Lokacin kin zama budurwa, ke kike jinyarta, ina jin a nan kika fara son wannan aikin. Aka aiko mini ranar Talata cewa jikin ya yi tsanani. Na ce Asabar in sha Allahu, ai kusa ne. Ranar Alhamis da safe ina riƙe da tsintsiya aka kira ni. Na fito da gudu, na samu mota, muka zo Nyanya muka tarar wata babbar mota ta faɗi ta tare hanya. Ina zaune ina kallon bayan motar gabanmu, ina jin lokaci yana wucewa, babu abin da zan iya. Ko da na isa Adogi an dawo daga maƙabarta, maza suna wanke ƙafa a ƙofar gida. Na shiga ciki. Mata sun kewaye ki, kowace tana ce miki, "Sannu, an yi miki rashin uwa." Kika hango ni, kika taso, kika durƙusa kamar yadda aka koya miki, kika ce, "Anti, sannu da hanya. Ya haƙuri?" Kika kawo mini ruwa a kofin baƙi. Uwata ce ta rasu, amma a ranar na san ni ma na yi wani rashin, kuma wannan babu wanda zai yi mini ta'aziyyarsa.

Ban rubuta wannan don ki ji tausayina ba, kuma ba na ɗora miki laifin komai. Kin yi mini duk abin da 'ya take yi wa uwa, har da ƙari. Tun da na bar aikin na dawo Azuba ba ki bar ni na nemi komai ba. Amma ni da ke mun san akwai wata 'yar tazara a tsakaninmu, irin ta mutanen da suke ganin girman juna, kuma ni na gina ta.

Yanzu an faɗaɗa hanya, motoci sun fi na da lafiya, ga waya da za ki kira ki ga fuskar Nana. Duk na gode wa Allah. Amma ina jin tsoron wayar nan fiye da yadda na ji tsoron saƙon Baba Danladi, don ita ta fi iya sa mutum ya ji kamar ya zo. Ki kira, ki yi ta kira, amma kada ki lissafa shi a zuwa.

Kuma na lura da ke, kada ki ce ban gani ba. Ranar da 'yan uwan mijinki suka zo daga Awe, Nana tana cinyarki, kina jin sallamarsu kika sauke ta kika ce ta je wurin Anti. In za ki yi maganarta a gaban manya sai ki ce "yarinyar nan." Ita ma 'yar fari ce, kuma na ga kin fara ɗaukar mayafin da na lulluɓa da shi. Ki ajiye shi. Kunya tana da kyau a inda uwa da 'ya suke kwana gida ɗaya, don abin da aka ɓoye da rana ana biyansa in an shiga ɗaki. Ke kuwa za ki riƙa zuwa ne na yini ɗaya ko biyu, kuma gidan zai cika da masu zuwa gaishe ki. In kika ce sai mutane sun watse za ki ɗauke ta, lokacin komawa tasha zai yi ba ki ɗauke ta ba. Ki ɗauke ta a gaban kowa, ki kira sunanta da ƙarfi. Duk wadda ta ce ba ki da kunya, ki turo mini ita, ina da amsarta.

Ga sharuɗɗana, tun da ba ki tambaya ba. Zan riƙe Nana da zuciya ɗaya, har ki san hanya, ki sami ɗaki na kusa da wurin da za a kula da ita in kina aiki. Daga nan ku zauna da mijinki ku yanke shawara, amma ba zan riƙe ta har ta yi wayo a hannuna ba. Na riga na fara koya mata ta ce mini Kaka. Jiya ta kuskure ta ce Mama, na ce a'a, Mama tana ɗaki tana haɗa kaya. Sannan da zarar an ba ki jadawalin aiki, ki zaɓi ranar zuwa gida, ki gaya mini, ki gaya wa mijinki, ta zama ranar da ba ta motsi. Ba ruwana da wanki, ba ruwana da gajiya, ki zo ki yi barcin a nan. Ki fito da wuri, ki shiga mota a tasha, kada ki zaɓi direba mai gudu, in kun zo gangaren nan ki yi addu'a. In ranar ta zo ban gan ki ba, kuma ba ciwo ne ya hana ki ba, to washegari zan goya Nana in shiga motar farko. Na san Nyanya, na san inda ake sauka, yanzu har gada ina hawa. Zan zo har asibitin in tsaya a ƙofa in ce a kira mini ke, kuma kin san ba na jin kunyar masu farin kaya.

Ba na roƙon ki sauya yadda kike kirana. Bakinki ya saba, kuma ni na jawo. Amma ni akwai abin da zan sauya. Tun ranar da aka raɗa miki suna ban taɓa furta shi ba. Ko a makaranta da aka tambaye ni sunan ɗalibar da na zo gani, sai da na yi ta kewaye-kewaye har malamin ya gane da kansa. Kullum 'Yar Inna, kamar ita ta haife ki. Inna ta yi nata, Allah ya saka mata da Aljanna, amma ni na ɗauki cikinki. Na gwada faɗarsa jiya da kika juya baya kina ɗaure jaka, bakina ya ƙi. To bari in fara da alƙalami, in kin zo ranarki na gwada da baki, a tasha, a gaban 'yan kamasho da kowa.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya tsare ki daga motar da ba ta alheri ba. Allah ya sa albarka a hannunki, duk wanda kika taɓa ya sami sauƙi. Allah ya kai ki lafiya, ya riƙa dawo mana da ke lafiya, a kan lokaci. Nana tana gaishe ki, ta yi barci da ɗankwalinki a hannu.

Ki huta lafiya, Safiya, 'yata.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajara.